Idon da Ba Ya Rufuwa: Shekaru 2,300 Ana Tambayar Ko Kifi Yana Barci

Idan uwa tana son ta tabbatar ɗanta ya yi barci, idonsa take dubawa. Haka ake gane barcin kare da na kyanwa da na kaza. A wurinmu rufe ido da barci Hassan da Husaini ne, har a cikin magana: wanda ya kwana yana juyi a shimfiɗa cewa yake yi bai runtsa ba. To yaya za a yi da halittar da ba ta da fatar ido gaba ɗaya? Haka mafi yawan kifaye suke. Tarwada da karfasa da ragon ruwa, idonsu a buɗe yake tun daga ƙyanƙyasa har ranar mutuwa. Ba mamaki daga nan Bahaushe ya samo karin maganarsa ta kifi na ganinka mai jar koma.

Amsar tambayar a taƙaice ita ce e, kifi yana barci. Amma hanyar da aka bi kafin a tsaya a kan wannan amsa ta fi amsar kanta ɗauke da darasi. An faɗe ta daidai tun ƙarni na huɗu kafin Miladiyya. Aka zo aka yi shakkarta a tsakiyar ƙarni na ashirin, daidai lokacin da kayan bincike suka fi na kowane zamani inganci. Sannan aka dawo mata a idon mutanen da suke raye yau. Duk tsawon wannan lokaci kifi yana nan yadda yake. Ma'aunin da ake auna shi da shi ne ya yi ta sauyawa.

Masuntan Lesbos

Wajen shekara ta 345 kafin Miladiyya, masanin falsafar nan na Girka, Aristotal, ya koma tsibirin Lesbos da zama, ya yi kimanin shekaru biyu. A tsakiyar tsibirin akwai wani babban ruwa mai haɗe da teku ta ƙuntatacciyar ƙofa, wanda yau ake kira Kalloni. A bakin wannan ruwa ya tattara da yawa daga abin da ya zuba a littafinsa na Tarihin Dabbobi. Ya feɗe kifaye da hannunsa, ya kuma zauna da masunta yana yi musu tambayoyi.

Da ya zo kan batun barci, sai ya fara da kawar da ido daga cikin shaidu. Ya ce ba za a iya gane barcin kifi ta idonsa ba, tunda ba shi da abin rufe shi, sai dai ta yadda yake tsayawa cak. Ya bayyana kifi yana tsaye wuri guda, babu abin da ke motsi a jikinsa sai wutsiya da ke kaɗawa a hankali, har mutum ya iya kai masa hannu ko ya soke shi da mashi bai ankara ba. Ya lura cewa idan wani abu ya girgiza ruwan, kifin zabura yake yi kamar wanda aka tasa. Ya ambaci masu su da dare da wuta a hannu, da kifayen da ke binne kansu cikin yashi su kwanta. Har ya ƙara da wani abu da ya yi kama da ƙarin gishiri: wai idan kifi ya daɗe a tsaye da dare, wasu ƙananan ƙwari na teku, masu kama da ƙwarƙwata da ƙuma, sukan yi masa rubdugu. Mai karatu ya riƙe wannan batu na ƙwari, za mu sake gamuwa da shi.

Abin lura a nan shi ne irin hujjar da ya dogara da ita. Tsayawa shiru, da raguwar ankara da abin da ke kewaye, da saurin farfaɗowa idan an taɓa. Duk abubuwa ne da idon mai haƙuri zai iya gani, kuma mutanen da abincinsu ya rataya a kan sanin halin kifi ne suka fara ganinsu.

Jahiz da labaran matuƙa

A ƙarni na tara Miladiyya, zamanin da Bagadaza ta zama cibiyar fassara, aka mayar da littattafan Aristotal na dabbobi zuwa Larabci da sunan Kitabul Hayawan. Daga wannan fassarar Larabci ne Michael Scot ya mayar da su Latin a birnin Tulaiɗila a farkon ƙarni na goma sha uku, Turai ta sake karanta su.

A Basra kuwa, babban marubucin nan Jahiz, wanda ya rasu wajen 868, ya rubuta nasa Kitabul Hayawan ɗin, yana ɗauko maganar Aristotal a wurare da dama, yana kuma yi mata gardama inda bai gamsu ba. Amma da ya zo kan kifi sai ya ja birki, ya ƙi ware masa babi na kansa. Dalilinsa shi ne bai sami isasshiyar shaida a waƙoƙin Larabawa ba, abin da ya rage kuwa labaran matuƙa jiragen ruwa ne, mutanen da ya ce gwargwadon ban mamakin labari gwargwadon son da suke yi masa.

Wannan taka-tsantsan na Jahiz ya nuna ainihin matsalar. Kifi yana rayuwa ne a inda mutum ba ya iya zama, yana kuma hutawa a lokacin da mutum ba ya iya gani. Duk abin da aka sani game da darensa ji ne, ba gani ba. Haka abin ya zauna ƙarnuka masu yawa, ana maimaita maganar Aristotal babu mai hanyar gwada ta. Sai a 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan, inda kifi ke zaune a akwatin gilashi, ana iya kallonsa ta gefe dare da rana. Daga nan gani ya fara korar ji.

Lokacin da na'ura ta karɓe magana

A 1913 wani masani Bafaranshe, Henri Piéron, ya wallafa littafi a kan barci, inda ya tsara alamominsa ta fuskar ɗabi'a: dabba ta natsu, ta ɗauki wani yanayin kwanciya da aka san jinsinta da shi, ta yi wuyar tasowa, amma idan aka matsa mata ta farka. Da an tsaya a nan, da kifi ya shiga sahun masu barci ba tare da gardama ba.

Sai dai a 1929 likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Hans Berger na Jami'ar Jena, ya bayyana cewa ana iya manna wayoyi a fatar kan mutum a zana igiyoyin lantarkin da ƙwaƙwalwarsa ke fitarwa. Wannan ita ce na'urar da asibitoci ke kira EEG. A 1937 Alfred Loomis da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa waɗannan igiyoyi suna sauyawa mataki-mataki cikin dare. A 1953 kuma, a Jami'ar Shikago, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka gano wani sashe na barci da ƙwayar ido ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fata, sashen da ya fi alaƙa da mafarki. A 1968 aka fitar da kundin ƙa'idoji na yadda za a karanta barcin mutum daga zanen na'ura.

Ci gaba ne babba, kuma a kansa aka gina likitancin barci na yau. Amma ya zo da tarko. Igiyoyin da na'urar ke ɗauka daga ɓawon ƙwaƙwalwa suke fitowa, wato shimfiɗar nan mai hawa-hawa da ke lulluɓe ƙwaƙwalwar mutum da ta sauran dabbobi masu shayarwa. Ƙwaƙwalwar kifi ba ta da irin wannan gini. Da aka gwada sa wa kifi wayoyi, ba a sami zanen da aka saba gani a kan mutum ko kyanwa ba. A hankali ma'anar kalmar ta ƙanƙance: barci ya zama abin da na'ura ta zana, wanda na'ura ba ta shaide shi ba kuwa hutu kawai yake yi. Shekaru da dama masu rubutu a kan kifi suna kaffa-kaffa da kalmar, suna cewa hutawa, ko wani yanayi mai kama da barci.

Kuskuren ɗaya ne da na mai duban ido, sai dai wannan ya sa rigar ilimi. An ɗauki alamar barci a jikin ɗan Adam an mai da ita barcin kansa. An yanka mudu daidai hatsin gida, aka je kasuwar wasu da shi.

Gidan sauro a ƙarƙashin teku

Masu kallon kifi dai ba su daina kallo ba. A 1955 wani masanin halittun ruwa a Amurka, Howard Winn, ya bayyana abin da wasu kifaye masu baki irin na aku suke yi a tekuna masu ɗumi. Da magariba kifin yakan sami lungu a cikin duwatsun murjani, ya fitar da majina daga wata gaɓa kusa da inda yake numfashi, ya lulluɓe jikinsa kaf da ita kamar jaka, ya kwana a ciki, da safe ya fasa ya fita. Dabbar da ke gyara makwanci haka kowane dare, da wuya a ce ba kwana take yi ba.

An daɗe ana zaton jakar tana ɓoye warin kifin ne daga masu farautarsa. Sai wajen 2010 Alexandra Grutter da abokan aikinta na Jami'ar Queensland a Ostireliya suka yi gwaji: suka cire wa wasu kifayen jakarsu suka bar wa wasu, sannan suka saki ƙananan ƙwarin teku masu shan jini. Kusan duk waɗanda aka tsiraita sun sha cizo, masu jaka kuwa kaɗan ne aka taɓa. Masu binciken da kansu suka kira jakar gidan sauron teku. Ga ƙwarin Aristotal nan sun dawo bayan shekaru fiye da 2,300, ashe masuntan Lesbos ba ƙarin gishiri suka yi ba.

A 1976 kuma, a Afirka ta Kudu, Colin Shapiro da wani abokin aikinsa suka sa ido a kan wani nau'in karfasa na Mozambik. Suka ga da dare garken yakan sauka ƙasan ruwa ya natsu, numfashi ya ragu, ido ya daina juyawa, kuma ko abinci aka jefa ba sa saurin tasowa kamar da rana.

Wadda ta ɗaure wannan hujja tamau ita ce Irene Tobler ta Jami'ar Zurich a Suwizalan. Ta ƙara sharaɗi guda a kan na Piéron, wanda kowane ma'aikacin dare ya san shi a jikinsa: barci bashi ne. Idan aka hana dabba shi yau, gobe za ta rama da ƙari. Hutu na ganin dama ba a ramuwarsa. Ta fara gwada wannan a kan kyankyaso a farkon shekarun 1980, ta ga yana ramawa. A 1985 ita da Alexander Borbély suka hana wasu kifaye sakat na tsawon sa'o'i, suka ga bayan an ƙyale su sun ƙara yawan natsuwa. A shekara ta 2000 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka nuna haka a jikin ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin 'ya'yan itace. Tunda aka yarda ƙuda yana barci, ƙofar ta buɗe wa kifi.

Kifin da ake hango cikin kansa

Wanda ya kammala shari'ar wani ɗan kifi ne da bai kai tsawon yatsa ba, mai ratsi-ratsi kamar jakin dawa, shi ya sa ake kiransa kifin zebra. Asalinsa kogunan Indiya da maƙwabtanta. George Streisinger na Jami'ar Oregon ne ya mayar da shi dabbar ɗakin gwaji a shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Yana da saurin haihuwa, ga sauƙin kiwo, kuma 'ya'yansa a kwanakin farko jikinsu garau yake kamar gilashi, ana ganin zuciya tana bugawa, ana hango ƙwaƙwalwa.

A 2001 Irina Zhdanova ta nuna cewa sinadarin melatonin, wanda jikin mutum ke fitarwa idan duhu ya yi, yana sa 'ya'yan wannan kifi natsuwa irin ta barci. A 2006 da 2007 masu bincike a Harvard da Stanford suka bi sawun wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna haipokiretin, wanda rashinsa ke jawo wa mutum cutar nan ta faɗuwa barci ba shiri, suka tarar kifin ma yana da shi, kuma idan ya yi masa yawa sai ya kasa runtsawa, in ana iya faɗin haka ga mara fatar ido. Daga baya aka zuba wa 'ya'yan kifin dubban magunguna ɗaya bayan ɗaya, aka ga da yawa daga masu sa mutum barci suna sa su, masu hana shi kuma suna hana su.

A 2019 ƙungiyar Philippe Mourrain a Stanford ta yi abin da na'urar Berger ta kasa. Suka gyara ƙwayoyin gadon kifin yadda kowace ƙwayar jijiya a ƙwaƙwalwarsa za ta yi haske idan tana aiki, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar gaba ɗaya yana barci, tare da bugun zuciya da motsin tsoka. Suka ga yanayi biyu. A ɗaya, ƙwayoyin suna kunnuwa tare suna mutuwa tare a hankali, kamar barcinmu mai nauyi. A ɗayan, tsoka takan saki, wani kaɗin haske ya ratsa ƙwaƙwalwar, abin da ya yi kama da sashen barcinmu na mafarki, sai dai ƙwayar idon kifin ba ta kai-komo. Daga nan suka yi hasashen cewa waɗannan yanayi biyu sun kai shekaru miliyan 450 a duniya.

A wannan shekarar dai, ƙungiyar Lior Appelbaum ta Jami'ar Bar-Ilan a Isra'ila ta leƙa cikin ƙwayar jijiya guda ta wannan kifi. Suka ga cewa yayin da yake farke, zaren gado na DNA da ke cikinta yana ta samun karaya, karayar tana taruwa, sai cikin barci ake samun sararin ɗinke ta. Wannan na daga cikin amsoshi mafi ƙarfi da aka samu zuwa yau ga tsohuwar tambayar me ya sa ake barci tun farko, kuma daga kan kifi ta fito.

Ba kowane kifi ne ke bin tsari ɗaya ba. A kogunan dutse na arewa maso gabashin Meziko akwai wani makahon kifi da ke zaune cikin duhu na dindindin. Binciken 2011 ya nuna barcinsa ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da ɗan'uwansa na kogin sarari, ana kuma danganta hakan da ƙarancin abinci a cikin kogo. Ya rage ƙwarai, amma bai yar da shi duka ba. A 2022 aka auna wani nau'in kifin shak na tekun Niyu Zilan, wanda shi yana da fatar ido. Idan ya kwanta shiru fiye da minti biyar, iskar da jikinsa ke ci takan ragu, alamar barci ke nan, amma sau da yawa idonsa a buɗe yake. Ko ga mai fatar ido ma, ido ba shaida ba ne.

Gaiwa ba barci take yi ba

Wanda ya tashi kusa da fadama zai ce ai mu muna da gwanar barci, gaiwa. Idan ruwa ya janye da rani, takan nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da majina da ke bushewa ta zama kamar fata, ta bar 'yar ƙofa a saitin baki tana shaƙar iska da huhunta, har damina ta dawo. Turawa sun sha mamakinta. Richard Owen ya bayyana ta a 1839 daga samfurin da aka kawo daga Kogin Gambiya, daga baya kuma Homer Smith, masanin ƙoda Ba'amurke, ya nuna wajen 1930 cewa a wannan zama tsokar jikinta take ƙonawa ta rayu, tana tara dattin da ya kamata ta fitar har sai ruwa ya zo. Masu cewa gaiwa jikinta take ci ba su yi ƙarya ba.

Sai dai a ma'aunin da muka bi tarihinsa, wannan wani abu ne dabam. Mai barci ana taɓa shi ya zabura nan take, kuma yana yinsa kowace rana. Gaiwa kuwa ta rage wutar jikinta ne gaba ɗaya na tsawon watanni don ta tsira daga fari, ruwa ne kaɗai ke tashinta. Ma'auni mai kyau shi ne wanda ya san abin da zai shigar, ya kuma san abin da zai bari a waje.

Abin da ya rage mana

Akwai amfani na kusa. Binciken Stanford na 2007 ya nuna cewa haske mara yankewa yana kusan kore barcin kifin zebra gaba ɗaya. Karfasa da rana take harkarta ta huta da dare, tarwada kuwa ta fi walwala cikin duhu. Mai kiwon kifin da ke barin fitila mai ƙarfi a kan tafkinsa har asuba saboda ɓarayi, ya kamata ya san akwai abin da yake taɓawa a rayuwar abin da yake kiwo.

Akwai kuma na nesa. A cikin ruwa babu ƙofa babu sakata, kuma babban kifi ƙaramin yake ci. Duk daƙiƙar da kifi ya rage ankara, ransa ya sa a caca. Da barci abin da za a iya yafewa ne, da kifi ne farkon wanda zai yafe shi. Amma ya gwammace ya binne kansa a yashi, ko ya saƙa gidan sauro da majinarsa, ko ya rage shi iya ragewa kamar makahon kogo, da ya bar shi. Ma'aikacin da ke yanke sa'o'in barcinsa yana lissafa su a matsayin riba, da bashin da ya girmi itatuwa da tsuntsaye yake wasa.

Wanda kuma yake son ya gani da kansa, ba ya bukatar na'ura. Ya je bakin tafkin karfasa bayan dare ya raba, da 'yar fitila mara ƙarfi. Zai tarar da su can ƙasa sun yi tsit, marfin numfashinsu yana buɗewa a hankali, wutsiya tana ɗan kaɗawa, ido kuwa a buɗe tar. Ya jefa tsakuwa ya ga yadda za su watse.